Tafkin Gabar'aun da tsutsar da ta ciyar da gari

Duk wanda ya zauna a Sabha ya san kifi baƙo ne a garin, sai wanda motoci suka ɗauko a ƙanƙara daga bakin teku. Shi ya sa da abokina ya ce mu je kallon tafki ranar Juma'a, abin da na fara tambaya shi ne ko akwai tarwaɗa. Dariya kawai ya yi.

Mun kama hanyar Ubari, a Takarkiba muka bar kwalta, direba ya sassauta iskar tayoyi muka faɗa cikin tuddan rairayi. Can sai ga Gabar'aun a ƙasanmu, ruwa zagaye da dabino.

Kada ƙishirwa ta ruɗe ka, ɗan'uwa. Ruwan ya fi na teku gishiri nesa ba kusa ba, kifi ba ya rayuwa a ciki. Rashin kifin ne ma ya ba wata 'yar halitta sarari. Ja-ja ce, tsawonta kamar santimita 1, dangin jatan lande, masana na kiranta Artemiya. A rigingine take iyo, tana tace gansakuka da ƙafafunta. Idan yanayi ya tsananta sai ta saki ƙwai mai tauri, wanda zai yi shekaru a bushe, ranar da ya sami ruwan gishiri ya ƙyanƙyashe.

Ita ta riƙe mutanen wannan wuri. Larabawa suka laƙaba musu Dawada, wato masu cin tsutsa, sunan da ni dai ban so ba. Mata ne ke kamo ta da koma, a kirɓa, a shanya, a ci da dabino. Suna kuma haƙar kanwa su sayar wa fatake. A shekarun 1980 gwamnati ta kwashe su zuwa sababbin gidaje a Wadil Hayat. Kangon garinsu na nan a bakin ruwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na san wannan ƙwan tun a gida. Ƙanena da ke ƙyanƙyasar tarwaɗa a Kano shi yake saya a gwangwani da tsada, mai zuwa daga wani tafkin gishiri na Amurka, don ciyar da jariran kifi. Na aika masa hoto ta WhatsApp, ya ce in ciko masa jarka.

Mandara, tafkin da ke maƙwabtaka, ya riga ya ƙafe. Da za mu tafi sai da na sake duba gefen Gabar'aun, inda farin gishiri ya yi zobe.