Na nemo musu tausayi, su kuwa aiki suke nema

A shekarun baya aka ɗora mini nauyin nemo wa kwalejinmu abokan hulɗa. Kwalejin koyon sana'a ce, ɗalibanta makafi da kurame da guragu, aikina kuma in samo shaguna da ofisoshin da za su karɓe su don sanin makamar aiki kafin su kammala. Da zuciya ɗaya na yi aikin, amma na tafka kuskure, kuma ɗaliban ne suka ɗanɗana kuɗarsa.

Duk inda na shiga, da harshen bara nake magana: "Alhaji, a taimaka wa bayin Allah, akwai lada." Ba wanda ya ce mini a'a. Aka sa hannu a takardu, aka ɗauki hotuna, na koma ina murna. A duk zirga-zirgar nan ban zauna da ɗalibi ko ɗaya na tambaye shi abin da yake buƙata ba.

Ba a jima ba ɓarna ta fito. Wata kurma da ta ƙware a ɗinki na kai ta shagon da ba mai iya maganar hannu, sai aka ba ta kujera a lungu, kullum a miƙa mata kuɗin abinci, ba a taɓa barin ta ta hau keke ba. Wani gurgu na tura shi maɗaba'ar da ke saman bene, kowace safiya sai an cicciɓe shi. Wani makaho kuma, gwanin kwamfuta, ya tarar da na'urar da ba ta da manhajar da ke karanta rubutu da murya, alhali irinta, NVDA, kyauta ake sauke ta. Shi ne ya same ni ya ce, "Malam, a matsayin mabarata ka gabatar da mu, shi ya sa suke ba mu sadaka suna hana mu aiki. Da ka tambaye ni, da na faɗa maka abin da za a sa wa kwamfutar." Na rasa bakin magana, domin gaskiya ya faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan muka sake lale. Ɗalibai da tsofaffin ɗalibai da iyaye suka shiga kwamitin, muka gayyato shugabannin ƙungiyoyinsu har da Sarkin Makafi. Ba ma sa hannu a wata yarjejeniya sai ɗalibin da za a tura ya je wurin da kansa, ya duba ƙofa da banɗaki da kayan aiki. Malaminmu kan je ya koya wa yaran shago alamomin hannu na yau da kullum. Ni kuma na koyi cewa, "Maigida, ga tela da za ta ƙara maka ciniki, zo ka duba ɗinkinta."

Na kuma gano cewa ƙofofin da ya kamata in fara bugawa suna nan tun tuni. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo tun 1977 take horar da malaman masu buƙata ta musamman, kuma Jami'ar Jos da ta Bayero suna da sassan wannan fanni. A Kano akwai guragun da ke walda suna ƙera kekunan 'yan'uwansu, waɗanda suka fi kowa dacewa da karɓar ɗalibanmu. Ga kuma doka: wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu nakasa, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Ashe abin da nake roƙo a durƙushe, haƙƙi ne.

Ga duk wanda aka ba irin wannan amana, shawarata ita ce ya fara da ɗalibansa kafin ya fita neman kowa. Ya tafi da su wurin tattaunawa, ya bar su su nuna abin da suka iya, a rubuta abin da kowane ɓangare zai bayar da abin da zai samu. Wanda ya karɓi ɗalibi don tausayi, ranar da ya gaji zai sallame shi. Wanda ya ga amfaninsa kuwa, shi zai dawo yana tambaya ko akwai wani.