Fuskar Mao a Jikin Kofin Shayi

A kasuwar Panjiayuan ta birnin Beijin, inda ake cinikin tsofaffin kaya, da kuma ƙauyen Shaoshan na lardin Hunan, mahaifar Mao Zedong, ana baje kofunan shayi da farantai da agogunan tebur masu ɗauke da hoton mutumin da ya mulki ƙasar Sin daga 1949 har mutuwarsa a 1976. Da yawan kofunan na ƙarfe ne mai farin shafe irin na langa, kuma galibinsu sabuwar ƙira ce da aka yi don masu yawon buɗe ido.

Kayan sun samo asali ne daga Juyin Juya Halin Al'adu, wato yunƙurin da Mao ya ƙaddamar a 1966 don kakkaɓe tsofaffin al'adu da waɗanda yake zargi da bin tafarkin jari-hujja, wanda ya ɗauki shekara goma. A lokacin ne masana'antun tangaran na Jingdezhen, garin da ya shafe ƙarnoni yana yi wa sarakunan Sin kwanuka, suka koma zana fuskarsa, aka kuma buga biliyoyin bajoji masu hotonsa, har sai da hukuma ta taƙaita ƙera su a 1969. Ajiye hoton a ɗaki shaidar biyayya ce, kuma wanda ya fasa shi ko ya ɓata shi, ko da bisa kuskure, yana iya shan tuhumar adawa da juyin juya hali, laifin da ya kai mutane kurkuku.

A 1981 Jam'iyyar Kwaminis da kanta ta ayyana wancan zamani a matsayin babban koma-baya, amma kasuwar hoton ta sake tashi gab da 1993, shekarar cika ɗari da haihuwarsa, lokacin da direbobi suka riƙa rataya shi a mota don neman tsari daga haɗari. Abin da ke sosa rai shi ne, murmushin shugaban kaɗai kofin yake nunawa, babu alamar yunwar 1959 zuwa 1961 da ta halaka miliyoyin manoma, balle malaman da ɗalibansu suka wulaƙanta a bainar jama'a. Duk da haka bai dace a yi wa kowane mai saye kallon maras tausayi ba, domin a cikinsu akwai tsofaffin ma'aikata da ke kewar zamanin da masana'antar gwamnati take ba da aiki da gida da magani har tsufa, tsarin da ya rushe a ƙarshen shekarun 1990, aka sallami miliyoyinsu.