Na je Gurara kallon ruwa, ban taɓa zuwa Baturiya ba

1/ Bara 'yan ajinmu suka haɗa kuɗi muka je Gurara a jihar Neja. Ruwa ne yake zubowa daga kan dutse, tsayin kusan mita 30, ƙararsa ba ka jin maganar na kusa da kai. Ni ɗan Maigatari, wanda ya tashi cikin yashi da layin jarka a bakin famfo, wallahi sai da na yi shiru.

2/ Na dawo gida hutu ina ta nuna hotuna. Kawuna ya kalla ya ce, "To madalla. Baturiya fa, ka taɓa zuwa?" Na ce a'a. Ya yi dariya kawai. Dariyar nan ta fi zagi ciwo.

3/ Baturiya tana ƙaramar hukumar Kirikasamma, gaba da Haɗejiya. Jiharmu ce fa. Tana cikin fadamar Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa kafin ruwan ya nufi tafkin Chadi. Tun 2008 aka sa ta cikin jerin Ramsar, wato dausayoyin da duniya ta amince a kare su.

4/ Cikin hunturu na shiga mota daga Gumel. Ba dutse, ba ƙara, ba wurin tsayawa a yi gayu. Ruwa ne kwance, goruba ta kewaye shi. Da farko na ɗan raina wurin, gaskiya.

5/ Sai garken kirinjijiya ya tashi lokaci guda yana fito. Ga dinya, ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi. Wasu ƙananan da ban san sunansu ba, daga Turai suke gudo sanyi, su ƙetare Sahara su sauka nan. Ni kuwa da ke maƙwabtaka sai da na kai shekara 22.

6/ Dattijon da ya ɗauke ni a kwalekwale ya nuna min wata ciyawa da ta fi mutum tsayi. "Ka ga kacalla, ɗana? Nan da nake tuƙawa da faɗi ne. Yanzu sai mun sare ta muke wucewa."

7/ Na ce, "Baba, daga ina ta zo?" Ya ce tun da ruwa ya daina zuwa da lokacinsa. Daga baya na gane zancen: dam ɗin Tiga (1974) da na Challawa (1992) sun canja tafiyar kogin. Da ambaliya ce ta zo ta janye, ƙasa ta bushe. Yanzu ruwa yana tsayawa rani da damina, kacalla kuma haka take so. Ta toshe hanyar ruwa, ta cinye gona, jan baki ya samu wurin kwana yana faɗa wa shinkafa.

8/ Abin da ya fi tsaya min shi ne kututturan itatuwa da na gani a hanya. Na fara jin haushin masu saran, sai na tuna da icce Inna take dafa mana tuwo kullum, kuma ban taɓa tambayar daga ina mai amalanke yake kawo shi ba. Gas kuwa kun san kuɗinsa.

9/ Hotunan Baturiya ba su yi kyau ba, hazo ya cinye su. Guda ɗaya na nuna wa kawu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a zamaninsu har gauraka suna gani a wurin.