Bututun Da Na Ɗaure Da Roba

Wannan makon labarin wani ƙarfe na kawo maku, wanda tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Har yanzu yana rataye a ƙusa cikin zaurenmu a Dutsin-Ma, kuma Baba ya hana a sayar wa 'yan gwangwan da shi.

Motar gidanmu tsohuwar Toyota Hiace ce fara, wadda aka cire wa kujerun baya don ɗaukar kaya. Ita ta ciyar da mu, ita ta biya mana kuɗin makaranta. Baba kan yi lodin kayan masu shaguna daga Katsina, fulawa da sukari da taliya da katan-katan na sabulu, ya sauke wasu a Kurfi, ya ƙaraso gida da sauran. Da idonsa ya fara ba shi matsala, tuƙin yamma ya gagare shi, sai makulli ya dawo hannuna. Ƙanena, wanda a lokacin shekararsa 13, shi ne yaron mota idan babu makaranta.

A cikin daminar 2021 na fara ganin ɗigon ruwa a ƙarƙashin motar duk safiya. Ɗan kaɗan ne, bai fi faɗin tafin hannu ba, launinsa kamar ruwan kududdufi. Na faɗa wa Baba. Ya durƙusa ya dangwala yatsa, ya kai hanci, ya ce in kai ta wajen Kawu.

Kawu ba ƙanen mahaifiyata ba ne. Bakanike ne, abokin Baba tun suna samari, mun taso muna kiransa haka. Ya ɗaga kujerar gaba, don irin wannan motar injinta a ƙarƙashin mazaunin direba da fasinja yake, ya haska tocila, ya nuna mani wani bututun ƙarfe da ya bi ta gefen inji. Daidai inda tiyo ya hau kansa ya kumbura, ya yi ɓawo-ɓawo. Ya ce, "Ka gaya wa Babanka a canza shi. Kada a yi walda, kada a liƙe. Ya ci."

Washegari Baba ya ƙirgo Naira 6,000 ya ba ni.

Nan ne wurin da na daɗe ban iya faɗa wa kowa ba. Gilashin wayata ya fashe a makon, ga kuma bashin da wani abokina ke bina har ya fara yi mani baƙar magana a majalisa. Na gyara waya, na rage bashi. Sauran canjin na sayi gam ɗin nan mai kwaɓi biyu, na samo tsohon tif na babur na yanka shi siri-siri. Da sassafe kafin kowa ya fito, na kankare wurin da takardar yashi, na shafa gam, na naɗe da roba tamau, na ɗaure da waya. Ɗigo ya tsaya. Da Baba ya tambaya, na ce an gyara. Na ce a raina ai ban yi ƙarya ba, gyara dai an yi. Niyyata in tara kuɗin a hankali in canza bututun ba tare da kowa ya sani ba. Mako ya zama wata, wata ya zama uku.

Waɗanda suke yankinmu ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Dutsin-Ma da Kurfi duk suna ciki, tare da Safana da Batsari da Ɗanmusa da sauransu. Mutum sai ya yi tafiya zuwa wajen Katsina kafin ya kira ɗan uwansa. Wayar da na gyara da kuɗin bututu ta koma agogo da tocila. Dokar kowane direba a lokacin ɗaya ce: duk inda za ka, ka tabbata magariba ta same ka a gida.

Wata rana cikin Oktoba lodi ya yi mana nauyi, wani mai shago a Kurfi kuma ya tsayar da mu wajen lissafi. Mun bar Kurfi rana ta yi ja. Na taka mota fiye da yadda na saba. Tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ba wata tafiya ba ce, idan mota lafiya lau take, kafin ka gama sauraren labaran rediyo ka iso. Mun yi kamar rabi sai ƙanena ya ce, "Yaya, kujerar nan ta yi zafi." Na dubi allura, ta haye sama tana taɓa ja. Kafin in gama sauka gefen titi, tururi ya turnuƙe cikin motar daga ƙarƙashinmu, da wani wari kamar an jiƙa tsohon ƙarfe a wuta.

Na kashe inji. Sai shiru. Dawa ta yi tsawo hagu da dama, ta fi mutum, ba ka ganin abin da ke taku goma cikin gona. Motoci biyu suka wuce a guje, ba wanda ya ko rage gudu, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ma da ni ne ba zan tsaya ba.

Na ɗaga kujera. Robar da na ɗaure tana nan daram. Bututun ne ya buɗe a gaba da ita, wajen da na ɗauka lafiyayye ne, ya tsage kamar an ja reza. Ƙanena ya haska mani, ya ga robar da wayar, ya dube ni. Bai ce komai ba. Yana nan lokacin da na ce wa Baba an gyara.

Abu ɗaya da na yi daidai a daren shi ne ban buɗe murfin lagireto da zafinsa ba. Kawu ya sha nuna mana tabon da ke hannunsa. Ruwan da ke ciki a matse yake, murfin ne ke danne shi har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ka buɗe, nan take ya tafasa ya yi tsalle ya same ka a fuska. Muka zauna jiran inji ya huce, kowane minti kamar shekara. Ana cikin haka muka ji motsi cikin dawa. Ƙanena ya riƙe rigata. Na ji ƙafafuna sun mutu. Sai ga wani dattijo ya fito da kurar shanu, ya ɗoro damman gero, yaransa biyu na biye.

Ya yi sallama, ya dubi mota, ya dubi gabas inda duhu ya fara tasowa. Ya ce, "Samari, nan ba wurin tsayuwa ba ne." Ya sauko da jarkar ruwansu ya ba mu duka, ya kwance wata robar da ya ɗaure kaya da ita. Ya tsaya har na naɗe sabuwar tsagar. Na ɗura ruwa a hankali, na mayar da murfin ban ɗaure shi sosai ba, don kada matsi ya ƙara buɗe wurin. Na ciro kuɗi, ya ɗaga hannu. "Ku dai ku tafi. Allah shi kiyaye hanya." Ban tambayi sunansa ba, ban san ƙauyensu ba.

Haka muka taho, mu ɗan yi tafiya, allura ta tashi, mu kashe, mu ƙara ruwa. Da jarka ta ƙare muka farke ledar fiya wata ta wani mai shago, ƙanena na ɓula da haƙori yana miƙo mani. Sau huɗu muka tsaya. Mun shigo gari an idar da isha'i. A bakin hanya, kafin kwanar unguwarmu, fitilar mota ta hasko wani mutum tsaye da sanda da tocila. Baba ne. Mutumin da ba ya ganin gabansa da dare. An ce tun magariba yake wurin, duk motar da ta wuce sai ya tambayi wanda ke kusa da shi, "Fara ce?"

Da safe aka ja motar zuwa garejin Kawu. Baba ya ce zai bi mu. Aka ba shi benci a inuwar darbejiya.

Kawu bai fara da bututun ba. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba, ya buɗe murfin mai ya leƙa. Ya ce idan ya ga mai ya koma kamar shayi da madara, to gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, magana ta tashi daga dubu shida ta koma sauke kan inji, wataƙila ma kan ya lanƙwashe sai an kai an goge. Man yana nan baƙi. Ya ce, "Ka kashe ta da wuri. Wannan ka yi hankali." Sai ya ɗaga kujera ya ga robar. Ya daɗe yana kallo. Ya dube ni, ya dubi Baba a can kan benci, ya ce wa yaronsa ya miƙo sifana mai lamba 12.

Ya buɗe ƙasan lagireto, ruwa ya zubo ja kamar na gulbi a farkon damina. Kusoshin da suka riƙe bututun a jikin inji sun ci tsatsa, ya ɗiga masu man birki ya bar su su sha. Ɗaya ta kwance, ɗayar ta karye, sai da aka ɗauki kusan awa ana fama kafin a ciro guntun. Tiyon da ke bakin bututun ya manne, da ya murɗa shi sai bakin ƙarfen ya biyo shi, ya marmashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli.

Ya kai wa Baba bututun, ya sa masa a hannu. Baba ya shafa, yatsunsa suka tsaya a kan robar. Ya bi ta da yatsa tun daga farko har inda na murɗe wayar.

Ban jira an tambaye ni ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa gabansa na faɗi komai, wayar da bashin da gam ɗin. Yaran gareji suka yi kamar ba su ji.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka ce mani kana da bashi, da na san yadda zan yi. Kuɗin ba su dame ni ba. Ƙanenka ka ɗauka ka bi hanyar nan da shi a kan roba." Ya yi shiru. Da ya zage ni ko ya mare ni da ya fi mani sauƙi.

Kawu ne ya katse shirun. Ya karɓi bututun, ya sa zarto ya yanka shi biyu, ya nuna mana ciki. Hanyar ruwan ta toshe ta koma kamar ta tsinke, sauran duk dasashi ne ja da fari. Ya ce wa Baba, "Alhaji, yaro ya yi laifi, amma wannan cin ba na wata ukku ba ne. Shekara nawa kana ɗura mata ruwan rijiya?" Baba ya ce tun da ya saye ta. Kawu ya ce to ga shi nan. Ya yi mana bayani cewa ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa, idan suka yi zafi sai su bar farin dasashi, ruwa da iska kuma su ci ƙarfe ta ciki. Koren ruwan nan da ake sayarwa a galan, wanda direbobinmu ke cewa na ƙasashen sanyi ne don kada ruwa ya daskare, yana da maganin da ke hana tsatsa, kuma yana ƙara jinkirta tafasa. Ta waje kuwa, ya ce motocin da ake kawowa daga Turai da yawa da ciwonsu suke zuwa, don can gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin ƙarƙashin mota. Wato bututun nan ana cinsa ta waje tun kafin ya ga Najeriya, mu kuma muka ƙarasa shi ta ciki.

Baba ya yi ɗan murmushi, na farko tun daren jiya. Ya ce, "Ashe mu biyu ne ɓarayin."

Ba a samu irinsa a Dutsin-Ma ba. Aka ba wani direba guntayen ya tafi da su Katsina, can ma babu mai kyau, sai daga Ƙofar Ruwa a Kano aka aiko da na Baljiyam bayan kwana uku. Kwana ukun nan mota na tsaye, masu shaguna suka ba wani lodinsu, biyu daga ciki ba su dawo mana ba har yau. Da kuɗin jan mota da tiyo biyu da kilif da galan na koren ruwa da ladan aiki, abin da aka kashe ya ninka dubu shidan nan fiye da sau uku.

Ranar ɗaurawa Kawu ya ce ni zan yi, shi zai tsaya. Na gwada sabon da tsohon, lanƙwasa da lanƙwasa. Na goge mazauninsa har ya yi haske, na sa sabon zoben roba, na shafa masa ɗan ruwan sabulu don ya shige ba tare da ya yage ba. Na ɗaure kusoshi, yana cewa, "A hankali, ba faɗa kake da ita ba." Muka yi ta ɗura ruwa muna zubarwa har sai da ya fito fari. Sannan muka zuba koren ruwa, muka tayar da inji murfi a buɗe, muna kallon kumfa na fitowa ɗaya-ɗaya, yana matsa tiyon sama da hannu don iskar da ta maƙale ta fita. Ya ce iskar da aka bari a ciki ita kaɗai ta isa ta sa mota ta sake ɗaukar zafi. Da kumfa ta ƙare, tiyo ya yi zafi, allura ta tsaya a tsakiya, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ya ce mu dawo da safe. Da safe kwalin a bushe yake.

Na biya Baba dubu shidansa cikin wata biyu, daga ɗan abin da nake samu. Ya karɓa, bai ce na barshi ba. Makulli kuwa bai taɓa karɓewa ba, sai dai har aka dawo da layin waya, ƙanena bai sake bina Katsina ba. Ba wanda ya ce mani ga dalili, ni ma ban tambaya ba.

Motar tana nan tana aiki. Duk safiya kafin in tayar da ita sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Duk sanda na bi wurin nan tsakanin Kurfi da gida, nakan rage gudu in duba ko zan ga mai kurar shanu. Ban sake ganinsa ba. In akwai ɗan wajen a zauren nan da ya taɓa jin wani dattijo na ba da labarin samari biyu da farar mota, a gaya masa robarsa ta kai mu gida. Allah Ya saka masa da alheri.