Tukunya ta Biyu

A wani gida da ke gefen garin Dakoro, ta wajen hanyar da ke gangarawa Maraɗi, akwai wata tukunyar ƙarfe mai sheƙi wadda ba ta taɓa hawa murhu ba. Tana cin lita 30. A gindinta akwai waya mai zafafa ruwa da lantarki, a gefenta akwai ɗan famfo mai ɗaga ruwan daga ƙasa ya zubo shi ta sama, ga kuma allo mai nuna zafi da lamba. Wani saurayi ɗan gidan ne ya zo da ita bayan girbin 2022, da ya gama karatun sarrafa amfanin gona a Yamai. Irin waɗannan tukwane, kamar Braumeister ta Jamus da Grainfather ta Niyu Zilan, an ƙera su ne domin Turawa masu sha'awar dafa giya a gida: jiƙo da tacewa da dahuwa duk a mazubi guda. Tasa ba ta da sanannen suna, kuma ba giya ta kawo shi ba. Burinsa ya yi lemun tsiro, irin mai duhun nan mai zaƙi da ake shigowa da shi a kwalba daga Najeriya, wanda ba ya bugarwa. Yakan ce ga dawa a rumbu, me zai sa a riƙa sayen ruwanta daga ƙetaren iyaka?

Ya kamata mai karatu ya san cewa lemun tsiro da giya hanyarsu ɗaya ce sai a mararrabar ƙarshe. Ana jiƙa ƙwaya, a lulluɓe ta har ta tsira, a shanya, a niƙa. Tsirowar nan ita ke tayar da wasu sinadarai a cikin ƙwayar, masu mayar da sitaci sukari idan sun samu ruwa mai ɗumi daidai gwargwado. Wanda ya tafasa ruwan zaƙin ya sha, lemo ya sha. Wanda ya zuba masa yis ya bar shi ya kwana, ya shiga wata maganar.

Takardar da ta zo da tukunyar ta ce a tsayar da zafi a digiri 66 har awa guda. Saurayin ya bi ta sau da ƙafa, ya samu farin ruwa salam mai kama da ƙasari. Karo na biyu ya ɗaga zafin zuwa 80, sai abin ya yi kauri, famfo ya toshe, gindin tukunya ya kama, ƙauri ya cika tsakar gida. Karo na uku wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Tiya goma sha biyar ta dawa ta ƙare a bakin tumaki.

Duk wannan a kan idon kakarsa, mahaifiyar ubansa, wadda ke zaune a kan tabarma da casbi a hannu.

"Maigida, yau ma talge ka dama mini?" in ji ta. "Da na san haka girkinka yake, da ban aure ka ba."

"Ki bari kawai, amarya, aikin boko ne, ba ki san shi ba."

Ta yi shiru. Shirun nan ya kai shekara hamsin da haihuwa. Tsohuwar an haife ta ne a wani ƙauyen Arna a ƙasar Kornaka, cikin mutanen da a Kano da Katsina ake kira Maguzawa, irin waɗanda Bafaranshen nan Guy Nicolas ya yi nazarin ƴan'uwansu na kwarin Maraɗi a littafinsa na 1975. A wurinsu giya ba abin maye ba ce kawai: da ita ake sallamar ƴan gayya, da ita ake biki, ita ake zuba wa iskoki a wurin tsafi. Dafa ta kuwa sana'ar mata ce, kuɗinta nasu ne. Mahaifiyar tsohuwar na cikin gwanayenta, ita kuma tun tana ƴar talla take iza mata wuta. Farin 1973 da 1974 ya watsa ƙauyen. Ta zo Dakoro, ta musulunta, ta yi aure, ta haifi ƴaƴan da ɗaya daga cikinsu yau alhaji ne mai rumfa a kasuwa. Ba wanda ya hana ta faɗin inda ta fito, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta. A irin gidajen nan haka ake binne tarihi, ba da faɗa ba, da kawaici.

Ranar jiƙo na huɗu ta tashi ta zo kan tsiron da ya shanya, ta damƙi kaɗan ta murza a tafin hannu, ta hure.

"Wannan jijiyar da wannan ɗan kan, ka murje su ka sheƙe. Ba ka ga makiyaya na korar shanu daga gyauron dawa ba? Dafin da ke can shi ne a nan."

Gaskiya ta faɗa, domin ɗanyen tsiron dawa na ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, kuma yawancinsa yana cikin jijiya da kan tsiron. Saurayin ya karanta haka a Yamai, ya manta. Ita ba ta karanta ba.

Daga nan ta ce a ɗauko mata tukunyar ƙasa da ke bayan ɗaki, a haɗa murhu. Ta sa ya dama garin tsiron da ruwan randa a cikin tukunyarsa ba tare da ya kunna ta ba, aka bar shi ya kwanta. Da gari ya zauna a ƙasa, ta sa ƙwarya a hankali ta kwashe ruwan sama mai garai-garai, ta ajiye shi a inuwa. "Wannan shi ne ran abin," in ji ta, "wuta ba ta ganinsa." Kaurin da ya rage ta juye a tukunyar ƙasa, ta dafa shi da muciya har ya nuna ya yi danƙo. Ta sauke, ta jira, tana tsoma yatsa. Da ta ji yatsa na iya jurewa na ɗan ƙiftawa, sai ta haɗa shi da ruwan da ta ajiye, ta mayar da su tukunyar lantarki. Saurayin ya duba allo: digiri sittin da ƴan kai. Kafin la'asar, abin da ya yi kauri kamar kunu ya tsinke ya zama ruwa, ga zaƙi kamar an jefa zuma.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tukunyar an ƙera ta ne da sha'ir a zuciya. Sitacin sha'ir yana kumbura ya buɗe a wajen digiri 60, zafin da sinadaran tsiro ke aiki cikin walwala, don haka komai na iya gudana a mazubi guda. Sitacin dawa kuwa ba ya buɗewa sai zafi ya haura 70, a daidai inda sinadaran ke fara mutuwa. In an sassauta wuta sitaci ya ƙi, in an tsananta sinadari ya mutu. Ga shi sha'ir na riƙe da ƙaiƙayinsa, wanda ke zama rariya a lokacin tacewa, dawa kuwa tsirara take zuwa, shi ya sa famfo ya toshe. Mafitar ita ce a raba su, a dafa ɗaya a ɓoye ɗaya, sannan a sada su. Haka masu dolo ke yi a Wagadugu, haka masu cukutu a arewacin Benin, haka masu burkutu. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan masana'antunta na giya da na lemun tsiro sun koma ga dawa, suka yi karo da wannan katangar, har sai da suka sauya hanyar dahuwa suka kuma riƙa sayen sinadarai masu jure zafi. Matan ƙauye sun riga su tsallake ta da ƙwarya da yatsa.

Abin takaici, a aji ana koya wa yara sunan Pasteur da aikin yis da Faransanci, alhali a gidajen wasunsu akwai tsofaffin da suka san rabin darasin da hannu. Haramcin giya ba abin jayayya ba ne a Dakoro, kuma tsohuwar ce za ta fara faɗinsa. Sai dai kunyar giyar ta haɗiye har da ilimin tsiro, wanda shi ne ke sa kunun zaƙi zaƙi, shi ne kuma ma'aikatan abinci mai gina jiki ke ba da shawarar a barbaɗa garinsa a kunun jarirai domin ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba.

Da yamma alhaji ya dawo daga kasuwa, ya tarar da mahaifiyarsa tsugune gaban murhu tana tace ruwan da tsumma mai tsabta. Ya tsaya ya daɗe yana kallon yadda take murɗa tsumman.

"Inna, a ina kika koyi wannan?"

"A wurin uwata," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kakarka. Sana'arta ce."

Bai ce komai ba. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, aka miƙa masa a ludayi, ya yi bismilla ya kurɓa.

Ta juya ga jikan. "Maigida, kunna abin naka ka tafasa shi yanzu, ya daɗe yana tafasa. In ya huce ka kai wa masu ƙanƙara su sa a firji. Kada ka bari ya kwana a buɗe cikin zafin nan. In ya fara kumfa, ba naka ba ne kuma, ka zubar."

Ya kunna. Lambar da ke allon ta fara hawa, ita kuwa ta ɗauki buta ta nufi alwalar magariba.