Zaman 'Yan Marina

A wani kambo da ke kusa da Hasahisa, cikin Jazira ta ƙasar Sudan, an yi wani tsoho mai tsinkar auduga. Kakansa yana cikin waɗanda suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu. Daga can iyalin suka gangaro neman aiki a gonakin auduga, bayan an gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925.

Wajen ƙarshen shekarun 1990, wani mai shago a garin ya samo kaset ɗin bidiyo na wani wasan kwaikwayo da aka shirya wa talabijin a Amurka a 1994, mai suna When Lions Roared. Labarin shugabanni uku ne a Yaƙin Duniya na Biyu: Churchill na Ingila, Roosevelt na Amurka, da Stalin na Rasha. Tsohon ba ya jin Turanci, sai jikansa ɗan makaranta ya zauna kusa da shi yana fassara masa.

Aka nuna su suna aika wa juna wasiƙu. Aka nuna taronsu a Tehran a 1943, da na Yalta a 1945, suna cin abinci tare, suna raha, suna duba taswira. Abin ya burge yaron ƙwarai.

Ya ce, "Kaka, ka ga abota ta gaskiya."

Tsohon ya yi shiru har suka kama hanyar gida. Sa'an nan ya ce, "Yaro, wannan zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gabansa."

Mai karatu, tarihi ya goyi bayan tsohon nan. Churchill ya daɗe yana ƙin mulkin kwaminisanci. Bai haɗa kai da Stalin ba sai da Hitler ya auka wa Rasha a watan Yuni 1941. Shekara guda bayan Yalta, a watan Maris 1946, ya tsaya a garin Fulton na Amurka yana gargaɗin duniya a kan abokinsa na jiya. Tsoron abokin gāba ɗaya ne ya ɗaure su. Da Hitler ya faɗi, igiyar ta tsinke.

Amma abin da ya fi damun tsohon dabam ne. Ya tambayi jikansa ko an nuna Kassala. Yaron ya ce a'a. Tsohon yana ƙarami sa'ad da sojojin Italiya suka kama Kassala a watan Yuli 1940. Mahaifinsa ya bar gona ya tafi dakon kayan soja, ya komo da tari wanda bai sake shi ba har mutuwarsa. A shekarar nan ce Sarki Haile Selassie ya zo Khartum yana neman taimakon Ingila. Sojojin Sudan suna cikin waɗanda suka raka shi, har ya koma Addis Ababa ran 5 ga Mayu 1941. Sojojin Nijeriya kuma suka shiga ta Mogadishu, suka kai Harar. Ba ko ɗayansu a wasan. Mutum uku ne kawai da teburinsu.

Tsohon ya rasu ba da daɗewa ba. Jikan ya girma, ya zama tela a kasuwar Hasahisa, maganar ta fita daga ransa.

A 2019, bayan faɗuwar Umar al-Bashir, sai ga janar biyu a talabijin kullum, Burhan da Hamidti, kafaɗa da kafaɗa. A watan Oktoba 2021 suka haɗa hannu suka kawar da gwamnatin farar hula. Masu shan shayi a ƙofar shagonsa suna cewa ba mai raba waɗannan biyu. Ran 15 ga Afrilu 2023 suka juya wa juna bindiga. A watan Disamba na shekarar, dakarun Hamidti suka kama Wad Madani, suka bazu cikin Jazira har Hasahisa. Telan ya rufe shago, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa huɗu, ya bar keken ɗinki a baya.

A hanya, cikin dare, ƙaramar 'yarsa ta ce, "Baba, ba abokai ba ne?" Nan take muryar kakansa ta dawo masa.

Sojojin gwamnati sun karɓe Wad Madani a watan Janairu 2025. Da telan ya koma, bai sami keken ba. Abin da ya samu shi ne maƙwabcinsa, Balarabe manomi, wanda suka sha yin cacar baki a kan ruwan gona. Mutumin nan ya binne masa buhun dawa biyu a bayan ɗaki, ya tsare su fiye da shekara, alhali shi kansa yana cikin yunwa.

Watakila wata rana a shirya wasan kwaikwayo a kan janar ɗin nan biyu, a nemo fitattun 'yan wasa, a jera musu teburi da taswira. Maƙwabcin nan kuwa ba za a sa shi ciki ba. Telan ya ce shi zai riƙa ba 'ya'yansa labarin buhun dawa, kamar yadda kakansa ya ba shi na Kassala.