Gudummawa daban, haƙƙi daban



A matsayina na sakatare, ni ke riƙe da littafin karo-karo duk sanda masifa ta afka wa mutanenmu a gida. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye Gwange da Kasuwar Monday har ya shiga fadar Shehun Borno, sunayen da suka fara cika littafin nan na 'yan dako ne da masu shayi da 'yan acaɓa. Wani ɗari biyar, wani tsohuwar atamfar matarsa. Allah ya saka musu da alheri.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wannan madatsa ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994. Shekara talatin ke nan, wa aka tuhuma? Kafafen labarai sun fi shagala da kadojin da suka tsere daga gidan namun daji, da hotunan manya suna sanar da miliyoyi. Kaɗan ne suka tambayi inda kuɗin asusun kula da muhalli yake shiga, alhali jihohi na karɓar kasonsu.

Abin da Malam Aminu Kano ya koya wa talakawa tun zamanin NEPU shi ne dukiyar gwamnati tasu ce. Gyaran madatsa ba sadaka ba ne, aikin da aka zaɓe su su yi ne.

Karo-karo za mu ci gaba da yi. Sai dai a taron wata mai zuwa zan kawo shawarar mu rubuta wa 'yan majalisarmu takarda, kowa ya sa hannu.